Cikin Fari da Ciwon Jijjiga

A ƙauyukanmu na Gwaram, in mai ciki ta faɗi tana jijjiga tana taune harshe, abin da ake fara cewa shi ne iska ta taɓa ta. A kawo garwashi a yi hayaƙi, a aika karɓo rubutu. Alhali ciwon ya daɗe yana sallama. Kafin jijjiga akwai matakin da likitoci ke kira firi'ikilamsiya: bayan ciki ya wuce mako 20, jini ya hau zuwa 140/90 ko fiye, furotin ya fara zuba a fitsari. Tushensa mabiyiya ce da jijiyoyinta ba su kama mahaifa da kyau ba.

A 2007 Dakta Jamilu Tukur da abokan aikinsa sun wallafa bincike kan Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Kusan ɗaya cikin kowace haihuwa goma da suka duba ta zo da jijjiga, kuma yawancin matan masu cikin fari ne, 'yan ƙasa da shekara 20, waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba.

Wannan shi ke ci min rai. Wadda ta fi shiga haɗari ita ce wadda kunya ta fi rufe wa baki. Amarya na ɓoye cikinta a hijabi har wata shida. Zobenta ya ƙi fita, fuska ta cika, sai uwar miji ta ce, "Ai namiji ne, haka na yi da cikin mijinki." Ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, kai na sara mata kwana da kwanaki, idanu na ganin walƙiya, ƙarƙashin haƙarƙarin dama na zafi, ita kuwa ba ta iya cewa, "Inna, a kai ni asibiti."

Ba ita kaɗai ba. Akwai mai tagwaye, da mai hawan jini tun kafin ciki, da mai ciwon suga ko ƙoda, da mai ƙiba, da wadda ta kai shekara 40. Wadda ta taɓa yin ciwon, ko mahaifiyarta ko yayarta ta yi, ta faɗa wa malamar awo tun ranar yankan kati. Bazawarar da ta sake aure ma kada ta saki jiki don ta haifi biyar lafiya. Cikin sabon miji kan dawo da haɗarin.

Gano shi ba tsada: a ɗaura na'ura a damtse, a tsoma tsinken gwaji a fitsari. Likita kan ba mai haɗari ƙaramar ƙwayar asfirin kullum tun farkon ciki, da kalsiyam in abincinta bai wadata da shi ba. In abin ya yi nisa, allurar magniziyam salfet ke tare jijjiga, sannan a san yadda za a raba ta da cikin. Bayan haihuwa ma a ci gaba da auna jininta, don yakan taso ana tsakiyar jego.