'An' ko 'mot': Yadda ake cewa a'a cikin ladabi a harshen Koriya

Duk wanda ya fara koyon harshen Koriya, ko a azuzuwan Cibiyar Al'adun Koriya da aka buɗe a Abuja a 2010, ko ta hanyar bibiyar finafinan ƙasar a waya, yakan haddace kalmar "an" tun da wuri. Gaban aikatau ake ajiye ta, sai ta kore shi. "Gayo" na nufin zan je, "an gayo" kuma ba zan je ba. Sauƙin nan nata ne ke sa mai koyo ya riƙa cusa ta ko'ina, har ya ɓata wa wanda ya gayyace shi rai ba tare da ya sani ba.

Dalili kuwa shi ne, harshen yana da kalmomin korewa biyu, kuma ba abu ɗaya suke faɗa ba. "An" tana nuna ganin dama ce, wato mutum bai yi niyya ba. "Mot" tana nuna abin ya fi ƙarfinsa. Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san tazarar da ke tsakanin "ba zan zo ba" da "ba zan samu zuwa ba" idan surukinsa ne ya aiko da goron gayyata. Ɗalibin da malaminsa ya kira liyafa ya amsa da "an gayo" bai karya nahawu ba, amma ya yi gatsali. Abin da ake so ya ce shi ne "mot gayo". Mutanen Koriya ma sukan ƙara sassauta maganar su ce "joesonghajiman mot gal geot gatayo", wato a yi haƙuri, da alama ba zan samu zuwa ba, ko da kuwa sun tabbata ba za su je ba.

Wannan bambanci ya fi fitowa a wurin cin abinci. Musulmin da ya je karatu Koriya ta Kudu zai yawaita haɗuwa da naman alade, wanda suke kira "dwaejigogi". Yana iya cewa "an meogeoyo", ba na ci, kuma daidai ne. Sai dai "mot meogeoyo" ta fi daɗin ji ga mai masauki, saboda tana nuna akwai abin da ya hana, ba girkinsa aka raina ba. Wajen furtawa, "mot" takan koma "mon" idan "m" ta biyo ta, don haka "mon meogeoyo" kunne zai ji.

Girmamawar kanta a ƙarshen aikatau take zaune. Ɗafa-ƙeyar "yo" ita ce ladabin yau da kullum, kuma yar da ita gaban babba kamar kiran dattijo ne da sunansa tsirara. Akwai kuma doguwar korewa, inda ake liƙa "ji" a jikin aikatau: "gaji anayo", ko "gaji anseumnida" a taro da labaran talabijin. Ma'anar ba ta sauya ba, nauyin maganar ne ya ƙaru. Da wannan "ji" ɗin ake yin hani: "geokjeonghaji maseyo", kada ka damu. Ita kuwa "haji ma" da ake yawan ji a finafinai, ta tsakanin abokai ce da yara, kuma mai koyo ya fi kyau ya bar ta a fim ɗin.

Wasu aikatau ba sa karɓar "an" ko kaɗan, suna da kishiyoyinsu. "Arayo" na sani ne, ban sani ba kuwa "mollayo". "Isseoyo" akwai, "eopseoyo" babu. A kalmomi irin su "gongbuhada", yin karatu, tsakiya "an" take shiga: "gongbu an haeyo".

Akwai wuri ɗaya da Bahaushe ya fi mai Turanci sa'a. Idan aka tambayi ɗan Koriya "an gayo?", wato ba za ka je ba, kuma lallai ba zai je ba, cewa yake "ne, an gayo". "Ne" tasu ita ce "e" ta Hausa, kuma tana gaskata maganar mai tambaya ne, kamar yadda ake cewa "e, ban ci ba" ga wanda ya tambaya "ba ka ci ba?" Wanda ya biyo ta hanyar Turanci yakan amsa da "aniyo", a'a, sai mai tambaya ya tsaya yana jiran ya ji ko zai je ɗin ne.