Kwala Da Wuya: Kalma Ɗaya, Ma'ana Da Yawa

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin tela ya san kwala. Ita ce ƙyallen da ake ɗinkawa a kewaye wuyan riga, kamar na rigar 'yan makaranta ko ta 'yan sanda. Kalmar ba Hausa ba ce tun asali. An aro ta daga Turanci. Su ma Turawan Ingila ba tasu ba ce, domin tushenta yana cikin tsohon harshen Latin, inda take nufin wuya.

A wurin Turawa kalmar tana da aiki da yawa. Abin da suke ɗaura wa kare a wuya sunansa kwala. Haka kuma abin da ake sa wa doki a wuya don ya ja keke. Makanikai ma suna kiran wani zoben ƙarfe da ke riƙe sandar inji da wannan suna. A ƙasar Amurka har an raba ma'aikata da ita. Ma'aikacin ofis shi ne mai farar kwala. Lebura da makaniki su ne masu shuɗiyar kwala, saboda shuɗin yadi yana ɓoye dauɗa.

Da kalmar ta shigo Hausa sai ta sami wurin zama. Idan aka ce wane ya ci kwalar wane, ba abinci ake nufi ba. Ana nufin ya caƙumi wuyan rigarsa da faɗa. Cin kwala ba ƙaramin abu ba ne, don yakan kai mutum gaban alƙali.

Tun kafin zuwan kwala, Bahaushe yana da tasa kalmar, wato wuya. Akwai wuyan mutum, da wuyan riga, da wuyan hannu, da wuyan tulu. Akwai abin wuya na mata. Wanda ya miƙa wuya ya sallama ke nan. Yaron da aka ce wuyansa ya yi kauri ya fara raina manya. Idan kuma aka ce abu ya rataya a wuyan mutum, to nauyinsa yana kansa. Saboda haka wanda zai sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar bashin wani, ya tsaya ya karanta tukuna. In mai bashin ya kasa biya, bashin yana iya komawa wuyan wanda ya tsaya masa.

Sai dai akwai wata wuyar dabam, wadda ke nufin wahala. A baki ana bambanta su da sauƙi. Wajen faɗin wuya na jiki, murya tana farawa sama ta sauko. Wajen faɗin wuya ta wahala, murya tana farawa ƙasa ta hau. Amma a rubutun boko duk ɗaya suke, harafi huɗu ne. To yaya mai karatu zai gane?

Dabarar ita ce a duba abin da ke kusa da kalmar. Wuya na jiki namiji ne, shi ya sa ake cewa wuyan riga, ko wuya ya kumbura. Wuya ta wahala kuwa mace ce, shi ya sa ake cewa wuyar aiki ba a fara ba, ko wuya ba ta kisa. Idan wasiƙa ta zo an rubuta "wuya ya dame shi", sai a nemi asibiti. Idan an rubuta "wuya ta dame shi", wataƙila hatsi ko kuɗi yake bukata.

Don haka kada mai karatu ya yanke wa kalma hukunci ita kaɗai. Ya karanta jimla har ƙarshe, sannan ya ɗauki ma'ana.