Kaskon wuta da iskar da ba a gani

A birnin Abijan na ƙasar Kodebuwa, cikin unguwar Ajame, akwai wata kasuwa da ake kira Marché Gouro, wato kasuwar Guro. Matan ƙabilar Guro ne suka kafa ta. Tun kafin asuba manyan motoci suke sauke ayaba da doya da rogo da tumatir. Hausawa da yawa daga Nijar suna neman abinci a wannan unguwa, da kuma Tireshbil, can ƙetaren ruwa. Wasu suna sayar da albasar Galmi, wasu shayi, wasu tsire. Mai shayi da mai tsire da matar gida duk da gawayi suke aiki. Murhun ƙarfen da ake zuba gawayin a ciki shi ne furno, daga kalmar Faransanci fourneau.

Abijan ba ta san ɗari irin na Maraɗi ko Agadas ba. A Agadas, cikin watan Janairu, sanyin dare yakan sauka ƙasa da digiri 10. Shi ya sa tsofaffi da masu jego suke shiga ɗaki da kaskon wuta don jin ɗumi. A Abijan kuwa ruwan sama ne yake kora mutane ciki. A watan Yuni sai a wuni ana ruwa. Iyali da yawa ɗaki ɗaya gare su, mai ƴar taga guda. Sai uwa ta jawo furno ciki ta gama tuwo, ta bar sauran garwashin don tufafin yara su bushe, a rufe ƙofa a kwanta. Ko a Agadas ko a Ajame, haɗarin iri ɗaya ne.

Wuta tana shan iska kamar yadda mutum yake shaƙa. Abin da take bukata a cikin iskar shi ne oxygène, wanda yake kashi 21 cikin 100 na iskar da ke kewaye da mu. In gawayi yana ci a wurin da iska ba ta isa sosai, yana fitar da wata iska mai guba. Sunanta da Faransanci monoxyde de carbone. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari, ba ta sa hawaye. In an shaƙe ta sai ta shiga jini, ta kama wurin oxygène. Jini yana riƙe ta da ƙarfi fiye da yadda yake riƙe oxygène sau 200 da ɗoriya. Sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da ke rayar da su.

Mutane da yawa suna cewa in gawayi ya yi jajir, hayaƙi ya ƙare, to ba sauran komai. Wannan babban kuskure ne. Hayaƙi daban, wannan guba daban. Hayaƙi yana da kirkinsa ma, don yana shaƙe mutum ya tashe shi. Jan garwashi marar hayaƙi yana nan yana fitar da guba shiru, har sai ya mutu.

Wanda ya shaƙe ta yakan fara da ciwon kai, sai jiri, sai tashin zuciya da kasala. Sau da yawa akan ce masassara ce. Amma akwai alama. In mutanen ɗaki ɗaya duk sun kamu da ciwon kai a lokaci guda, kuma in sun fita waje suka ji dama, to a dubi wuta. Mai barci ba ya jin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Barcinsa ne yake ƙara nauyi, ya kasa tashi. Jarirai da mata masu ciki da tsofaffi su ne take saurin kayarwa.

Saboda haka ba a kwana da garwashi a ɗaki. A hura wuta a waje. In ruwa ya hana, a girka a bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa, ƙofa da taga a buɗe. Kafin a kwanta a fitar da kasko ko furno, a kashe shi da ruwa ko rairayi. Maganin sanyin dare bargo ne. Injin janareto ma irin wannan guba yake fitarwa, don haka wurinsa waje ne, nesa da taga.

Shi ma furno yana son kulawa. Kullum da safe a zubar da tokarsa, don in toka ta toshe ƙananan ramukansa iska ba ta shiga ta ƙasa, gawayi ba ya ci da kyau. A kula, garwashi yakan ɓuya cikin toka tun dare har safe. Kada a zuba ta kusa da kwali ko buhu, balle a kasuwa inda rumfuna suke manne da juna. Iskar Abijan mai laima ce, ƙarfe yana saurin tsatsa. In gindin furno ya huje ko ƙafarsa tana rawa, a kai shi wurin maƙeri. A ajiye shi a ƙasa, ba bisa tabarma ba, kuma nesa da gidan sauro da ƙanen da ke rarrafe. Ba a hura gawayi da man fetur.

In aka tarar da wani ya galabaita kusa da wuta, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi sarari. Yaro ba ya tsayawa cikin ɗakin, sai ya ruga ya kira manya. In mutumin ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura masa madara ko manja, ba sa fitar da wannan guba, kuma zai iya ƙwarewa. Maganinta oxygène ne, a asibiti ake ba da shi. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi likita ya gani. Lambar ƴan kwana-kwana a Kodebuwa 180 ce, a Nijar kuwa 18.