Allon gilashi a bakin Dajin Rugu: ina fasahar koyarwa ta kai makarantun Safana da Batsari?

A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, Safana da Batsari na cikinsu. Manufar ita ce a toshe hanyar da 'yan bindiga ke magana da masu kai musu rahoto. A lokacin ne kuma aka hana sayar da fetur a jarka, aka dakatar da masu sana'ar cajin waya. Sai a watan Disamba aka fara maido da sabis. Ke nan zangon karatu na farko ya tafi kacokan babu kira, babu intanet, babu ma man da za a zuba wa janareto cikin sauƙi. Duk wanda zai zauna a ofis ya tsara yadda za a koyar da yaran Runka ko Zakka ko Ruma ta intanet, ya kamata watannin nan su kasance a gaban idonsa kafin ya ɗora biro a takarda.

Duk da haka fasahar koyarwa ta iso, kuma ba ta da niyyar komawa. Hedimastoci na karɓar sanarwa ta WhatsApp. Matasan malamai na leƙa YouTube su ga yadda wani ya warware lissafin da ya shige musu duhu. Kalmar "manhaja" ma, wadda a da ba mu san ta da wata ma'ana ba sai tsarin abin da za a koyar a shekara, yanzu yaro na jin ta sai ya tuna da abin da ake saukewa a waya.

Korona ce ta fara buɗe ƙofar. Da aka rufe makarantun ƙasar nan a watan Maris na 2020, jihohi suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, makarantun kuɗi na birane kuwa suka koma Zoom da WhatsApp. A wasu wuraren cutar na lafawa aka koma aji, magana ta ƙare. A yammacin Katsina ba haka ta kasance ba. Daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana. Ƙauyukan da ke gefen Dajin Rugu suka riƙa watsewa, malamin da aka tura can ya nemi canjin wurin aiki ko ya riƙa leƙawa jefi-jefi, wasu azuzuwan cikin gari suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Daga nan tunanin ya samu gindin zama: tunda malami ba zai iya zuwa ba, a aika darasin ta waya. Sai dai rashin tsaron da ya haifar da buƙatar shi ne kuma ke karya kayan aikin. Inda malami ke tsoron shiga, injiniyan da ke kai wa turken sadarwa man dizal ma yana tsoro.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne ƙarfi, jarrabawa ce. Tun 2015 JAMB ta daina amfani da fensir da takarda, ta koma kwamfuta gaba ɗaya. A 2024 WAEC ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zana ta daga waje. A 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ba da umarnin WAEC da NECO su koma kwamfuta zuwa 2026, har Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta saboda makarantun karkara ba su shirya ba. Ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, an riga an ga inda aka dosa. A nan ne abin ya daina zama ado ya koma tilas. Yaron Babban Duhu da ya haddace darasinsa tsaf, amma bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar da ya je Dutsin-Ma ko Katsina zana jarrabawa, zai ɓata mintunan farko yana neman inda zai danna, hannu na rawa, agogo na tafiya. Makin da zai fito da shi ba awon iliminsa ba ne kaɗai, har da awon nisan garinsu da wutar lantarki.

Sai kuɗi. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin AGILE na karatun 'yan mata, Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, kuma koyar da amfani da kwamfuta na cikin ginshiƙan shirin. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF, da tallafin Microsoft, suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, rumbun darussa na kyauta da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo, kamfanin Airtel kuma ya yafe kuɗin data ga masu shiga ta layinsa. Gwamnatin Dikko Umar Raɗɗa ta kafa hukumar fasahar sadarwa ta jiha, ta kuma ɗauki malamai sama da 7,000 bayan yi musu jarrabawa. Inda mai ba da tallafi ya karkata, nan takardun tsare-tsare ke karkata, wannan ba sabon abu ba ne.

To me aka samu? Wanda ya fi cin moriya zuwa yanzu malami ne, ba ɗalibi ba, kuma ban ɗauki hakan aibi ba. Malamin da ya karanta Hausa da addini aka damƙa masa kimiyya saboda babu wani, a da sai ya kwafe littafi a allo yara su kwafa, shi ke nan. Yau yana iya kwana da bidiyon yadda zuciya ke harba jini ko yadda husufi ke faruwa, ya wayi gari ya fahimci abin da zai faɗa. A makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, minti uku na bidiyo a waya ɗaya da yara ke zagayewa ya fi zanen alli da ba ya kama da komai. Tambayoyin jarrabawar shekarun baya, da sai mai hali ke sayen littafinsu, yanzu suna yawo kyauta.

Amma kyautar ba ta cika kyauta ba. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Malamin firamare da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, daga aljihunsa yake sayen datar da zai shirya darasi. Wuta kuwa, ko garin da kamfanin wuta na KEDCO ya kai wa turaku bai tsira ba, balle ƙauyen da bai taɓa ganin wayar wuta a sama ba. Sola na magance wannan, sai dai batir na mutuwa bayan 'yan shekaru, kuma kasafin da ya sayo shi ba kasafai yake tuna kuɗin canza shi ba. Ga kuma wata matsala da ba a cika rubutawa a rahoto ba: kwamfuta ashirin a makarantar da ba ta da katanga kiran ɓarawo ce. Hedimastan da ya sa hannu ya karɓa ya san shi za a tuhuma in ta ɓace, don haka sai ya kulle su a sito, a fito da su ranar da baƙi za su zo. A takarda makarantar ta samu kayan zamani. Yara kuwa sun ga kwalaye.

Harshe ma shinge ne. Mafi yawan abin da ke intanet da Turanci yake, wani lokacin ma Turancin Amurka ko na Indiya da ko malamin sai ya kasa kunne sau biyu. Yaron aji huɗu da bai iya haɗa baƙi da wasali a Hausa ba, ba abin da zai tsinta. Ita kuma yarinya, a gidaje da yawa babbar waya a hannunta abin zargi ne, yayanta kuwa ba mai tambayarsa. In aka ce darasi ya koma waya, an san wanda aka bari a baya. Ban manta da ɗaya gefen ba: wayar da ke ɗauke da darasi ita ce ke ɗauke da TikTok, ita ce kuma ake tura amsoshin jarrabawa ta cikinta.

Wasu sun riga mu taka wannan hanya. Shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta, wanda Nicholas Negroponte ya fito da shi a 2005, an gwada shi a wata firamare da ke Galadima a Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta rungume shi hannu bibbiyu, ta raba dubban ɗaruruwan kwamfutoci. Binciken da aka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da karatu bai motsa ba. Jihar Edo ta bi wata hanyar daga 2018: ta miƙa kwamfutar hannu ga malami, da darasin kowace rana a shirye, ana kuma ganin ko ya shiga aji. A Botswana, lokacin korona, ƙaramar waya aka yi amfani da ita, saƙon tes da kira na 'yan mintuna kowane mako zuwa ga iyaye da yara, kuma lissafin yaran ya inganta. Mu ma nan gida mun ga shirin RANA, wanda ya koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwan Katsina da Zamfara, da littafi da jagoran malami da horo. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, kayan da aka ba malami tare da horo da bibiya sun fi waɗanda aka zube wa yara aka juya baya.

Abin mamaki, yankin na da tasa hanyar rarraba ilimi da ba ta jiran sabis. A kowace kasuwa akwai mai tebur da ke tura fina-finai da waƙoƙi da tafsiri a memori. Karatun malamai na yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da Xender har rugagen da ba su taɓa ganin netwok ba. Wa'azin awa biyu ya isa can, amma darasin lissafi na minti goma da Hausa bai isa ba, saboda ba wanda ya ɗauke shi ya saka a hanyar. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya duk a Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana. Ɗalibansu masu koyon aikin malanta za su iya naɗar darussan firamare da ƙaramar sakandare da Hausar da yaran ke ji, a bisa manhajar hukuma, a tantance, a zuba a memori. Kuɗin wannan bai kai na gina aji biyu ba.

Sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga a Jibiya da Batsari da Safana a 2025 ya ba mutane damar komawa gona da kasuwa, ko da yake ba wanda zai rantse a kan ɗorewarsa. Shi ya sa duk abin da za a kawo ya kamata a auna shi da tambaya ɗaya: in aka sake katse sabis gobe, zai ci gaba da aiki? Makarantun musamman na gwamnati a Raɗɗa da Jikamshi da Dumurkul abin yabo ne, amma 'yan ɗaruruwa za su ɗauka, sauran yaran na nan a azuzuwan da wasunsu ba su da ko benci.

Kirana ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta SUBEB da Ma'aikatar Ilimi ta jiha da shugabannin ƙananan hukumomin biyu shi ne, kafin jarrabawar kammala sakandare ta koma kwamfuta gaba ɗaya, a samar da ɗaki ɗaya mai sola da mai gadi a garin Safana, wani a Batsari, a tsara wa kowace sakandare ranarta, yadda duk ɗalibin ajin ƙarshe, mace da namiji, zai zauna gaban kwamfuta aƙalla sau goma kafin ranar jarrabawa. A kuma sa kuɗin data da na canjin batir a kasafin kowace shekara, kada a bar wa malami.