Inda Ake Koyon Kifewa Kafin a Ƙware da Tuƙi

A kwanakin farko na koyon tuƙin kwalekwale mai ƙyalle, irin wanda iska ce kaɗai ke tura shi, akwai darasin da ke sa gaban sabon shiga faɗuwa. Malami zai ce a kifar da kwalekwalen da gangan. Mutum biyu sanye da rigar ruwa su karkata gefe guda har ƙyallen ya kwanta a kan ruwa, su kuma su tsunduma. Ɗaya ya yi iyo ya zagaya, ya taka allon da ke fitowa ta ƙarƙashin jirgin, ya sakar masa nauyinsa. Ɗayan ya riƙe goshin jirgin ya fuskantar da shi iska. Sannu a hankali sandar ƙyallen ta taso tana ɗigar ruwa, jirgi ya miƙe. Su hau su kwashe ruwa da bokiti, haƙora na kaɗawa don sanyi. Daga ranar tsoro yakan ragu ƙwarai, domin abin da mutum yake gudu ya riga ya same shi, kuma shi da abokinsa suka fid da kansu.

Makarantar da ta fi burge ni a wannan fanni ita ce Les Glénans ta ƙasar Faransa. Philippe Viannay da matarsa Hélène ne suka kafa ta a 1947, a wasu ƙananan tsibirai da ke gaɓar yankin Biritani na Faransa. Su biyun sun yi gwagwarmayar ƙarƙashin ƙasa lokacin da Jamus ta mamaye ƙasarsu, suna buga jaridar ɓoye mai suna Défense de la France. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, suka ga matasan da suka yi faɗan tare, da waɗanda suka dawo daga sansanonin tsare mutane, sun kasa komawa rayuwa yadda take. Sai suka kai su tsibiri, suka kafa tantuna. Da farko hutu ne kawai da zaman tare, koyon tuƙi daga baya ya shigo, har ya zama shi ne aikin. A 1951 Jean-Jacques Herbulot ya zana musu Vaurien, kwalekwalen falankin katako mai tsawon mita huɗu da ɗoriya, mai arha, don kada abin ya tsaya ga 'ya'yan masu kuɗi.

Abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai shi ne yadda jirgi zai nufi wajen da iska ke fitowa. Kai tsaye dai ba zai yiwu ba. Sai an kauce mata da kusan digiri 45, in ba haka ba ƙyallen ya yi ta faɗa-faɗa jirgi ya tsaya cik. Amma idan aka ja igiya ƙyallen ya lanƙwasa kamar fiffiken jirgin sama, iskar da ke bin bayansa da wadda ke bin cikinsa sukan bambanta a matsi, sai a sami ƙarfin da ke jan jirgin gefe da kuma ɗan gaba. Allon nan na ƙasa shi ke hana zamewa gefe. Ka ɗauki ƙwayar kankana mai santsi ka matse ta tsakanin yatsu biyu, ai gaba za ta sulluɓe. Haka jirgi yake yi tsakanin iska da ruwa. Don haka ake tafiya a karkace, a yi dama, a juyo hagu, har a kai.

A wurin juyawar nan ne zumunci ke ƙulluwa. Mai riƙe da sandar tuƙi zai ɗaga murya ya tambaya ko an shirya, kuma ba zai juya ba sai ya ji amsa. Yana juyawa, sandar da ke ƙasan ƙyalle za ta tsallako, kowa ya sunkuya, abokin aiki ya saki igiya ɗaya ya ja ɗaya, su koma ɗaya gefen su miƙa jikinsu waje don jirgi ya daidaita. In ɗaya ya makara, su biyun ne a ruwa. Ba a tambayar ɗan wane ne kai ko nawa kake samu a wata. Abin dubawa shi ne ko za ka saki igiyar a kan kari. Mutumin da kunya ke hana shi buɗe baki a taro, a nan dole ya yi magana, kuma ya ga an saurare shi. Ni a ganina wannan ya fi kowace lacca kan yarda da kai amfani.

A tsibiran Les Glénans ma haka zaman yake: ɗalibai ke karɓa-karɓar girki da wanke-wanke, ana tattalin ruwan sha domin ba shi da yawa. Yau Les Glénans na cikin manyan makarantun tuƙin jirgin iska a Turai, kuma akasarin malamanta 'yan sa kai ne, tsofaffin ɗalibai da ke dawowa lokacin hutunsu su koyar ba tare da albashi ba.