Renon Irin Kayan Lambu da Furanni a Gida

Ya kai manomi, ka sani cewa amfanin lambu daga wurin reno yake farawa. Dashen da ya tashi da rauni ba ya murmurewa a gona, komai yawan takin da aka zuba masa. Sayen dashe a kasuwa kuwa yana da haɗari, domin ba ka san irinsa ba, kuma yana iya zuwa da ƙwayayen tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa tumatir mummunar ɓarna a Kano da Kaduna a 2016. Saboda haka ya fi maka alheri ka reni naka a gida.

Zaɓen wuri da haɗa ƙasa

Ka zaɓi wuri mai samun hantsi, kusa da ruwa, ka kange shi daga kaji da awaki. Ka yi kwami mai faɗin mita 1, domin hannunka ya kai tsakiya ba tare da ka taka ba. Da damina ka ɗaga shi kamar santimita 15 don kada ruwa ya kwanta. Idan babu fili, tsohon kwano ko akwatin katako ya wadatar, muddin an huda gindinsa. Ka haɗa ƙasar sama kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, da yashi kashi 1. Kada ka sa ɗanyen taki, yana ƙona saiwa. Kafin shuka, ka tara karmami a kan kwamin ka ƙona, don rage cututtuka da irin ciyawa.

Shuka da ban ruwa

Ka nemi ingantaccen iri, kamar tumatir Roma VF ko UC82B. Ka ja layuka da tazarar santimita 10, zurfinsu kada ya wuce santimita 1, ka yafa irin jefi-jefi, ka rufe da busasshiyar ciyawa. Da zarar ya tsiro, ka kwashe ciyawar, ka kafa 'yar rumfa. Ƙananan irin furanni kuwa ɗan yayyafa musu ƙasa kawai ake yi. Furen marigol yana da sauƙin reno ga mai farawa, kuma yana rage tsutsotsin ƙasa masu kumbura saiwar tumatir.

A nan ne akasari ake yin asara. Yawan ruwa da cunkoso su ke kawo cutar ruɓewar gindi: sai ka wayi gari ka tarar da tsirrai sun kwanta, wuyansu ya tsuke. Ka yi ban ruwa da safe da buta mai rariya, ƙasa ta yi danshi kawai, kada ta yi caɓi. Ka rage tsirran da suka cunkushe, wanda ya kamu kuma ka cire shi tare da ƙasarsa.

Dashe

Tumatir da kabeji kan isa dashe cikin mako 4, tattasai da attarugu mako 5 zuwa 6, albasa mako 6 zuwa 8. Idan ya rage mako 1, ka janye rumfa a hankali, ka rage ruwa, domin tsirrai su saba da rana. Ka jiƙa kwamin kafin cira, ka yi dashe da yamma, ka ba da ruwa nan take.

Malaman gona kuma, ku kafa kwamin gwaji a ƙauyukanku, ku jawo mata da matasa, domin gani ya kori ji.