Shiga Jirgin Ƙasa a Faransa: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Sani Kafin Ya Je Tasha

A kowace shekara akwai ƴan Nijar da karatu, ko neman magani, ko ziyarar dangi ke kai su Faransa, duk da cewa hanyar ta ƙara wuya tun daga 2023, kuma an rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a farkon 2024. Mafi yawansu ba su taɓa taka jirgin ƙasa ba sai ranar da suka sauka can. Ba abin mamaki ba ne: layin dogon da aka shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso daga 2014 zuwa 2016 bai kai ga jigilar fasinja ta yau da kullum ba, shi kuma na Kano zuwa Maraɗi sai a 2021 aka aza tubalinsa. Saboda haka ilimin tafiyar da baƙo ke zuwa da shi na tashar mota ne, inda ake ciniki, ake jiran mota ta cika, ake ɗaure kaya a bisa rufi, in mutum ya makara kuma a aika yaron mota ya kira shi. Duk wannan ba ya aiki a tashar jirgin Faransa. Can, abin da aka rubuta bisa tikiti shi ne doka, wanda bai karanta shi da kyau ba kuwa zai biya da aljihunsa.

Jirgi iri-iri ne

Kamfanin SNCF, wanda aka kafa a 1938, shi ke tafiyar da mafi yawan jiragen ƙasar. Mafi shahara shi ne TGV, wanda ya fara aiki a 1981 tsakanin Pari da Liyon, yake kuma gudun kilomita 300 zuwa 320 cikin awa guda. Daga Pari zuwa Liyon awa 2 ne, zuwa Bordo awa 2 da ƴan mintoci tun 2017, zuwa Marsey kuwa, mai nisan kimanin kilomita 750, awa 3 da ɗan abin da ya ɗora. Wannan nisa ya zarce na Yamai zuwa Maraɗi, tafiyar da ke cinye wa fasinja yini guda cur.

TGV ɗin kansa biyu ne: akwai Inoui, akwai kuma Ouigo, na masu neman sauƙin kuɗi, wanda aka ƙirƙiro a 2013. Bayan su akwai Intercités, masu doguwar tafiya bisa tsohon layi, sai TER, waɗanda ke zagaya cikin jiha guda suna tsayawa a ƙananan garuruwa. Bambancin yana da muhimmanci. Tikitin TGV na jirgi guda ne, a rana guda, da kujera guda. In jirgin ya tafi, ba a shiga na bayansa da shi. A mafi yawan jiragen TER kuwa ba a keɓe wa kowa kujera, duk inda mutum ya samu wuri sai ya zauna.

Kuɗin tikiti yana hawa

Farashin TGV ba tsayayye ba ne. Ana buɗe sayar da tikiti wata uku zuwa huɗu kafin ranar tafiya, kuma gwargwadon yadda kujeru ke ƙarewa, gwargwadon yadda kuɗin ke hawa, har kujerar da wani ya saya da arha ta ninka sau biyu ko uku ga wanda ya zo a jajibiri. Yammacin Juma'a, da yammacin Lahadi, da ranakun hutun ƴan makaranta su ne suka fi tsada. Ana saye a gishe, ko a na'urorin da ke cikin tasha, ko ta intanet a SNCF Connect. Ɗalibi da zai daɗe a ƙasar yana iya yankar katin ragi na shekara guda mai suna Avantage, wanda ke rage kashi 30 cikin 100.

Tikitin yana ɗauke da sunan mai shi, mai duba tikiti kuma yana da ikon neman takardar shaida. Don haka fasfo ya kasance a jiki, kuma kada a karɓi tikitin wani ko da kyauta ne. Wanda ya fasa tafiya a Inoui, ana mayar masa da kuɗinsa duka in ya faɗa da saura kwana 7 ko fiye. Bayan nan sai an cire wani abu. Ouigo kuwa ba ya mayar da kuɗi. Arha ba ta ado: kafin a yi murna da sauƙinsa, a duba sharuɗɗansa. Yaron da bai kai shekara 4 ba yana tafiya kyauta, muddin bisa cinyar babba zai zauna.

Tsofaffin ɗalibai da suka yi zaman Faransa sukan ja kunnen ƙannensu a kan ƴar na'ura mai ruwan ɗorawa da ake cusa wa tikiti ta buga masa hatimi kafin a shiga jirgi. Tun 2023 aka fara cire waɗannan na'urori. A manyan tashoshi yanzu, lambar da ke jikin tikitin ake nuna wa ƙofa, a takarda ko a fuskar salula, ta buɗe. Wanda tikitinsa ke cikin salula ya tabbata ta cika da caji, ko ya buga kwafi a takarda ya riƙe.

Pari ba ta da tasha guda

Nan ne baƙi suka fi yin asara. Mutumin Damagaram ko Tawa ya saba ya ce wa mai taksi "kai ni tasha". A Pari manyan tashoshi 7 ne, kowace da yankin da take fuskanta. Gare du Nord ita ce ta Lil, da Buruksel, da Landan. Gare de l'Est ta Istirasbur ce da Jamus. Gare de Lyon, duk da sunanta, a cikin Pari take, daga nan ake tafiya Liyon, da Marsey, da Suwis. Montparnasse ta yamma ce, wato Bordo, da Nant, da Ren. Saint-Lazare ta Normandi ce. Sai Austerlitz, inda jiragen Limoj da na dare ke tashi, da kuma ƙaramarsu, Bercy. Wanda zai canja jirgi a Pari, sau da yawa sai ya fita daga wata tasha ya ratsa gari zuwa wata: daga Gare du Nord zuwa Gare de Lyon akwai RER D, zuwa Montparnasse kuma layin metro na 4. Baƙo mai kaya ya ba wa kansa aƙalla awa guda don wannan.

Akwai abin da ke sauƙaƙa wa wanda ya sauka a filin jirgin sama na Charles-de-Gaulle: akwai tashar TGV a cikin filin, a sashe na 2, wadda ke kai mutum Lil, ko Liyon, ko Marsey ba tare da ya shiga Pari ba. A can inda za a sauka ma a karanta sunan tashar har ƙarshensa. Liyon tana da Part-Dieu da Perrache a cikin gari, da Saint-Exupéry a filin jirgin sama. Tashar Aix-en-Provence TGV tana bayan gari da nisan kilomita goma sha wani abu. Wasu jiragen Ouigo kuma daga Marne-la-Vallée ko Massy suke tashi, wajen birnin Pari. A faɗa wa mai tarba sunan tashar cikakke.

Minti biyu

Lokacin da aka rubuta shi ne lokacin da jirgi ke motsawa. Ana rufe shiga TGV da saura minti 2, a Ouigo ma tun kafin haka, kuma ba roƙon da ke sake buɗe ƙofa. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri: a isa da saura rabin awa. A lura da agogo kuma. A lokacin sanyi agogon Faransa daidai yake da na Nijar, amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Faransa tana gaba da awa guda.

Kalmomi uku ne za a riƙe. "Voie" ita ce lambar layin da jirgin ke tsaye, ba a rubuta ta a tikitin TGV, sai da saura kamar minti 20 take bayyana bisa allon "Départs". A nemi jirgi da lambarsa da lokacinsa, domin sunan garin da ke bisa allo na zangon ƙarshe ne, ba lalle ne ya zama inda mutum zai sauka ba. "Voiture" ita ce lambar tarago, "place" kuma ta kujera. Sau da yawa akan haɗa jiragen TGV biyu baki da baki, ba hanyar ratsawa daga wannan zuwa wancan, a wata tasha ta gaba kuma a raba su, kowane ya kama gabansa. Wanda ya faɗa taragon da ya fi kusa da shi don gaggawa, yana iya tsintar kansa a garin da bai nufa ba. A tashoshin kan hanya jirgi ba ya wuce ƴan mintoci a tsaye, saboda haka mai sauka ya tattara kayansa ya tsaya bakin ƙofa tun kafin a iso, in ƙofar ba ta buɗe da kanta ba ya danna maɓallinta.

Kaya da tara

Ba ɗan dako, ba rufin ɗaure kaya. Ƙa'idar Inoui da Intercités ita ce manyan akwatuna 2, kowane kada ya wuce santimita 90 da 70 da 50, da ƙaramar jaka guda, kuma mutum ya iya ɗaukarsu duka shi kaɗai a tashi guda. Daga 15 ga Satumba 2024 ake cin tarar wanda ya zarce, farawa daga yuro 50, wato kusan jikka 33 na sefa. A Ouigo ƙaramar jaka da ƙaramin akwati ne kawai ke cikin kuɗin tikiti, babba sai an biya masa, kuma biya tun wajen sayen tikiti ya fi sauƙi. Dole ne kowane kaya ya kasance da suna a jiki. Kada a bar jaka ita kaɗai a tasha ko da na zuwa bayi ne: ana ɗaukar ta a matsayin abin tuhuma, a kori jama'a daga wurin, a tsai da jirage, wani lokaci a fasa ta, mai ita kuma ya sha tara. Kuɗi da takardu su zauna a jiki, domin manyan tashoshi ba su rasa ƴan sane.

A cikin jirgi ba a shan taba. Mai amsa waya ya fita sararin da ke tsakanin taragu, ya kuma sassauta murya. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka. Wanda ya shiga ba tikiti, ko ya gane ya yi kuskuren jirgi, ya tashi ya nemi mai duba tikiti da kansa, domin abin da zai biya bai kai na wanda aka kama a zaune ba. In wani hatsari ko cin zarafi ya auku, lambar kira ita ce 3117.

Baƙo ma yana da haƙƙi

Tsananin ba a kan fasinja kaɗai yake ba. In Inoui ko Intercités ya makara da minti 30 ko fiye, ana biyan diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti, rabi in ya kai awa 2, kashi 75 in ya kai awa 3, amma sai wanda ya nema. In makarar ta sa jirgi na biyu ya kuɓuce, kuma a saye guda aka yanki tikitin biyu, ana sanya mutum a na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. Yajin aikin ma'aikatan dogo abu ne sananne a Faransa, sai dai ana sanar da jiragen da za su tashi tun ana gobe. Mai jirgin sama a gabansa ya duba, ya kuma bar tazara mai yawa.

Sauran abin da ya shige duhu, ma'aikatan tasha masu kayan aiki suna nan don amsa shi, kuma ɗan Nijar da ya ji Faransanci ya riga baƙi da yawa samun sauƙi. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai kowa lafiya, ya maido shi gida lafiya.